Masaƙa ta mutu, ƙungiyarta na nan da rai

A filin Rua Javari da ke unguwar Mooca, birnin Sao Paulo na ƙasar Brazil, wani dattijo ya tambaye ni ƙungiyar da mahaifina ke goya wa baya a gida. Na ce Raccah Rovers ta Kano. Ya ce yanzu tana wane rukuni? Wallahi tambayar nan ta yi min ciwo, don ƙungiyar ta daɗe da rushewa.

Ƙungiyar da ya zo kallo sunanta Juventus, amma ba ta Italiya ba. Ma'aikatan masaƙar wani ɗan Italiya, Rodolfo Crespi, suka kafa ta a 1924. Filin nasu da kyar yake cin mutum 4,000, 'yan kallo daf da layi, har hakin mai tsaron baya kana ji. Kaka da jika duk cikin jesi ja mai duhu. Ana zuwa hutun rabin lokaci sai a yi dogon layi wajen mai cannoli, wata soyayyiyar fulawa ce da ake naɗewa a ɗura mata zaƙi a ciki. Akwai mutum-mutumin Pele a filin, saboda a nan ya ci ƙwallon da ya ce ta fi kowacce kyau, a 1959. A ragarsu ya zura ta, amma suna alfahari da ita. Babban kofinsu na rukuni na biyu ne na ƙasa, a 1983.

Gaskiya manyan ƙungiyoyi irin su Corinthians da Palmeiras sun kwashe yawancin matasan birnin. Kuma kada wani ya ce min ba mu son ƙwallo, duk wanda ya ga filin Sani Abacha ranar wasan Pillars ya sani. Rovers ta ci lig ɗin Najeriya a 1978. Sai dai namu ƙungiyoyin na gwamnati ne ko na attajiri, ran da mai su ya janye hannu, shi ke nan. Wannan kuwa mutanen unguwa ne suka riƙe ta. An rufe masaƙar a 1963, ƙungiyar ba ta bi ta ba.

Abin da ya fi ci min rai ma ba ƙwallon ba ne, Kakuri ce, unguwar masaƙu a Kaduna. Mu da injinan masaƙunmu na Kaduna suka tsaya, ma'aikata sun watse, wasu sun rasu suna jiran haƙƙinsu, 'ya'yansu na gidan kallo suna faɗa a kan Arsenal da Madrid, wasunmu kuma ga mu nan a ƙasar mutane muna neman abinci.