Mai uwa a gindin murhu: tsakanin Zariya da Manchesta

Abokaina biyu ne suka buɗe shago a Sabon Garin Zariya a shekara ɗaya, layi ɗaya, kaya iri ɗaya: caja, batir, gilashin waya da ƙananan fitilun sola da ake saro wa daga Legas. Tare muka yi firamare a Tudun Wada. Ɗaya ɗan mai ɗinkin hannu ne, mahaifinsa ya ƙare idonsa a kan aska takwas da wuyan babbar riga a zauren gidansu cikin birni. Ɗayan ɗan wani Alhaji ne mai gidajen mai. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin dukansu mutanena ne, kuma babu wanda ya cuci wani a cikinsu.

A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da 'yan canji ke sayarwa wajen naira 750, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haye 1,500. Duk ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan: ka sayar da kaya har ka lissafa riba, ka koma saro sai ka tarar uwar kuɗin da ribar ba za su cika maka rabin kanta ba. Su biyun duk sun karye. Ɗan Alhaji ya je gida ya zauna gaban mahaifinsa, aka yi masa faɗa, aka ƙara masa jari, yau shagonsa biyu. Ɗan mai ɗinki ya sayar da kantocin katako da janareto ya biya bashin dila, yanzu Keke Napep ɗin wani yake ja tsakanin Kwangila da Samaru, yana kai balas kowace yamma.

Abin da ya sa ni rubutun nan shi ne maganar da na ji an yi a kansu da na je gida hutu. Muna zaune a dakali bayan la'asar, Kawuna ya ce, "Ai shi wancan yaron yana da kan kasuwa, shi kuwa ɗan'uwan naka ba rabonsa ba ne." Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, ni na ga littafin lissafin su duka biyun. Wanda ya karye ɗin ya fi iya kasuwa." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Na yi shiru saboda girmansa, amma maganar ta biyo ni har jirgi.

Na yi imani da rabo, kamar kowane Musulmi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki abin da mutane suka tsara da hannunsu a lulluɓe shi da sunan rabo. Tashin dala ya faɗo wa su biyun lokaci ɗaya, wannan ƙaddara ce. Amma cewa ɗaya yana da inda zai faɗa a tare shi, ɗayan kuwa ƙasa ce tsagwaronta, wannan ba daga sama ya sauko ranar ba. Hausawa da kansu sun riga sun faɗa: mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Shekarata shida a Manchesta, kuma kafin in zo ina cikin masu zaton a ƙasar Turawa kowa guminsa yake ci. Ba haka ba ne ko kaɗan. Makaranta ɗaya tak, Eton, ta fitar da firaministocin Birtaniya 20, har da David Cameron da Boris Johnson. Har zuwa 1999 ɗaruruwan mutane na zama a majalisar dattawansu don kawai ubanninsu sun zauna, sai a shekarar aka rage su zuwa 92. A 2016 wani saurayi ɗan shekara 25, Hugh Grosvenor, ya gaji dukiyar da aka ƙiyasta ta kai fam biliyan 9, har da filaye a unguwannin da suka fi tsada a tsakiyar Landan. A Amurka ma, inda aka fi kurin cewa kowa shi ya gina kansa, iyayen Jeff Bezos sun zuba kusan dala 245,000 a Amazon a 1995, tun kamfanin yana rarrafe. Ga gidan Bush, uba da ɗa duk sun yi shugaban ƙasa. Gado ba ciwonmu ba ne mu kaɗai.

Sai dai akwai wani bambanci da na daɗe ina juya shi a raina. Attajiran Ingila sun saba tattara ƙasa da gidaje su damƙa wa babban ɗa, ko su ɗaure dukiyar da takardun amana don kada ta watse. Mu kuwa shari'a ta raba mana gado. Alhaji ya rasu ya bar mata huɗu da 'ya'ya ashirin, a kira malamai a fitar da tumunin takaba, a kasa saura. Kowa a cikin birnin Zazzau zai iya nuna maka katafaren zaure da soronsa ya tsage, a ce maka nan gidan wane ne, a zamaninsa babu mai kuɗi kamarsa, yau jikokinsa na neman na cefane. Wannan adalci ne babba, kuma ina alfahari da shi. Amma akwai abin da malamai ba sa iya kasawa a tabarmar rabon gado: suna, da lambar waya, da ƙofar ofishin da ke buɗewa idan an ce ɗan wane ne. Wannan gadon kowane ɗa yana ɗaukarsa cikakke, ba a rage masa ko sudusi. Shi ne kuma yake mulkinmu a yau.

Sarauta ba ta dame ni ba, domin ita ba ta taɓa ɓoye cewa gado ce. A Zazzau ma an fi wurare da yawa sassauci, tun da gidaje huɗu ne: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Marigayi Sarki Shehu Idris na gidan Katsinawa ya yi shekara 45 a kan karaga, daga 1975 zuwa 2020, sannan ta koma gidan Mallawa hannun Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli, bayan kimanin shekara 100 da Turawa suka tuɓe Alu Ɗan Sidi suka kai shi Lokoja. Kowa ya san dokar wasan tun daga farko. Wanda ba jinin gidan ba ba ya kwana yana mafarkin rawani mai kunne biyu.

Siyasa ce aka ce mana ta kowa ce, kuma a nan zuciyata ke ɓaci. Dubi gidan 'Yar'aduwa: Musa minista a jamhuriya ta farko, Shehu mataimakin Obasanjo a mulkin soja, Umaru gwamna sannan shugaban ƙasa a 2007. Dubi Saraki a Kwara: uba jagoran majalisar dattawa, ɗa gwamna shekara takwas kuma shugaban majalisar dattawa, 'ya sanata. A jiharmu, ɗan tsohon gwamna El-Rufa'i ya shiga majalisar wakilai a 2023, a shekarar da mahaifinsa ya sauka. Ban ce ba su cancanta ba. Umaru Musa 'Yar'aduwa mutum ne da har gobe talakawa ke yi wa addu'a. Tambayata ita ce, wa ya samu damar tsayawa a gwada shi da su? A zaɓen 2023 jam'iyyar APC ta sa fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na majalisar wakilai miliyan 10. Malamin makaranta a Ƙofar Doka, komai kaifin basirarsa da amanarsa, a bakin ƙofa aka tsayar da shi. Garin da ya haifi Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri sau da dama a kan haƙƙin talaka ba tare da uban kowa ya tsaya mata ba, bai kamata ya karɓi wannan hannu bibbiyu ba.

A kasuwanci ma haka. Ana yawan kafa wa matasanmu misali da Ɗangote, a ce ku tashi ku nema. Ƙoƙarinsa ba abin musu ba ne, amma a faɗi labarin duka: jinin Alhassan Ɗantata ne ta wajen uwa, kuma da rance daga cikin dangi ya fara a 1977. Abdussamad Rabi'u ɗan Khalifa Isyaka Rabi'u ne. Shi kansa Alhassan Ɗantata, da ya sha wahalar fataucin goro zuwa Gwanja, babban arzikinsa ya zo ne da jirgin ƙasa ya iso Kano, kamfanonin Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa daga 1912. Ga ƙwazo, ga gida, ga sa'ar zamani, ukun suka haɗu. Idan aka cire biyu aka nuna wa yaro ɗaya kawai, an yi masa ƙarya, kuma ranar da ya faɗi kansa zai zarga.

To me ya sa ɗan lebura a Manchesta bai cika jin zafin gadon wasu kamar namu ba? Saboda an shimfiɗa masa abin da zai faɗa a kai. Maƙwabcina mai gyaran famfo ya buɗe ɗan kamfani ya rushe, na gan shi yana loda kayan aikinsa a mota ran da ya rufe. Matarsa ta haihu a watan, asibiti ba su karɓi ko sisi ba. 'Ya'yansa ba a koro su daga makaranta ba. Bayan shekara ɗaya ya sake buɗewa. Abin da Alhaji ya yi wa ɗansa a Sabon Gari, shi hukuma ta yi wa wannan mutumin, da harajin da ake karɓa, har da kashi 40 cikin 100 da doka ta ɗora wa babban gado.

Abin da ya fi yi mini ciwo, mun taɓa samun irin wannan tsani, kuma a Zariya yake. Kwalejin Barewa, tun tana Katsina, ta yaye Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan sarki ba ne. Ta yaye Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin coci daga Wusasa, ya zama shugaban ƙasa yana shekara 31. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, 'ya'yan manoma daga Giwa da Soba da Maƙarfi sun shiga sun fito likitoci da alƙalai, gwamnati na ciyar da su. A kasuwa kuma akwai ubangida da yaronsa: ka yi masa hidima shekaru, ya yi maka aure, ya yanka maka jari ya sallame ka. Da yawa daga manyanmu ta waɗannan hanyoyin suka hau. Yau 'ya'yansu na makarantun kuɗi a Abuja ko a nan Ingila, ina haɗuwa da su a masallacin Juma'a, yara masu ladabi, ba ni da abin faɗa a kansu. Makarantar gwamnatin da ta ɗaga ubanninsu kuwa, yara na zaune a ƙasa.

Ina roƙon wanda ya gaji suna ko jari ya riƙa faɗi da bakinsa, musamman idan an ba shi lasifika a gaban matasa. Ya ce mahaifina ne ya tsaya mini, na faɗi sau biyu aka ɗaga ni. Wannan ba ya rage masa daraja, godiya ce ga Allah. Kuma kowane mai shago biyu a Sabon Gari da PZ ya dubi yaran da ke ɗaga masa ƙofa kowace safiya, ya tuna al'adar sallama da jari.

Makon jiya na kira abokina mai Keke. Ina jin ƙarar hon a bayansa, yana jiran fasinja a ƙarƙashin gadar Kwangila. Ya ce ya shiga adashi, dubu biyu kullum, kwasarsa za ta zo bayan Babbar Salla. Ya riga ya yi magana da wani mai shago zai ba shi gefen baranda ya kafa tebur, caja da gilashin waya kawai zai fara da su. Littafin lissafinsa na da yana nan, ya ce, a cikin leda ƙarƙashin kujerar Keken.