Wai ina kason tirela da tarago a bajet ɗin jihohinmu?

Jama'a duk sanda gwamna ya kai bajet majalisa ku saurari abun da ake faɗa in an zo kan sufuri. Gadar sama, titin cikin gari, fitilun kan hanya, motocin haya da za a manna wa hoton mai girma. Duk ba laifi bane, muna so. Amma da wuya ka ji an ce ga kuɗin da aka ware don buhun masara ya bar Dawanau ya isa Legas da araha, ko kwantena ta baro Apapa ta iso Kwari ba tare da kuɗin mota ya cinye ribar ba, alhali wannan ɗin shi ne abun da ke shiga aljihun kowa, har wanda bai taɓa hawa gadar ba.

Kano fa da dako ta girma. Jirgin ƙasa ya iso garin nan a 1911, shi ya sa gyaɗa ta samu hanyar zuwa teku har aka yi dalar gyaɗa da muke ta alfahari da hotonta. Turawa ba don suna sonmu suka shimfiɗa dogon ba, lissafin kaya suka yi, mu kuma da muka karɓi ragamar sai muka koma lissafin abun da za a yanke wa kyalle a ɗauka a kyamara. Tirela ba ta da ƙuri'a, matsalar kenan.

Yanzu kusan komai a bayan mota yake tafiya. Shanu daga Wudil da Maigatari da Potiskum, tumatur daga Kadawa da Kura, albasa, wake, riɗi, duk a kan kwalta, direba ya kwana a Mararrabar Jos ko Tafa a gefen titi saboda babu wajen fakin na kirki, ya bi ta Mokwa da Jebba yana addu'a, ga gas ya yi tsada, ga shinge kan shinge kowa da rasit ɗinsa, kafin kwandon tumatur ya isa kasuwar Mile 12 da ke Legas wani ya riga ya zama ruwa. Manomi a sayi nasa da arha, mai saye a can ya saya da tsada, tsakiyar duk hanya ta cinye. Sannan motocin nan da ake wa lodin da ya fi ƙarfinsu su ne ke farfasa titin da aka kashe biliyoyi a kai, amma sikelin auna nauyin mota guda nawa ka taɓa gani yana aiki?

Na san amsar da ake bayarwa, wai ai jirgin ƙasa da manyan hanyoyi harkar tarayya ce. Toh a kan jirgin ƙasa dai wannan uzurin ya ƙare tun Maris ɗin 2023 da Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki, aka fitar da jirgin ƙasa daga abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kai, yanzu jiha ma tana da hurumi. Kuma ko ba haka ba, bari mu ɗauka tarayya ta yi nata. An buɗe tashar tsandauri, wato tashar sauke kwantena ta kan tudu, ta Kaduna a 2018, ta Dala da ke Zawaciki a farkon 2023, ta Funtua a 2024. An aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi a 2021, kilomita 284, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya har da reshe zuwa Dutse, ga na Kaduna zuwa Kano shi ma ana yi. To ranar da tarago ya tsaya ya sauke kaya, wa zai yi hanyar da za ta haɗa tashar da unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai? Wa zai ba da filin sito, da ɗakin sanyi na kayan gwari, da garejin manyan motoci a wajen gari? Minista daga Abuja ba zai zo ya yi maka wannan ba, aikin ma'aikatar ƙasa da ta tsare-tsare ta jiha ne, kuma in ba a killace filin tun yau ba wallahi 'yan kashe-mu-raba za su yanka shi fuloti-fuloti, gobe a dawo ana maganar diyya da rusau.

Maganar kuɗi kuwa, kar wanda ya ce min babu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kason da jihohi ke karɓa duk wata ya ƙaru, kowa ya san haka. Kuma ba dole sai daga asusun jiha ba. Tarayya tun 2017 take sayar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, tana gina hanyoyi da kuɗin, jihar Osun ma ta riga ta yin nata tun 2013, mu da muke cewa ba ma son bashin ruwa me muke jira? Gwamnatin Legas tana da hannun jari a tashar ruwan Lekki, ba ta tsaya ta ce ai teku na tarayya ne ba. Garejin tirela mai tsaro da banɗaki da masallaci da wajen kanikawa abu ne da zai iya biyan kansa, direba zai biya da daɗin rai in ya san ba za a sace masa batir cikin dare ba.

Abun da ya fi ci min rai shi ne kuɗin da ake karɓa a hannun masu lodi da sunan haraji, a kasuwa a karɓa, a bakin iyakar ƙaramar hukuma a karɓa, amma ba ka ganin ya dawo kan hanyar da motar ta bi. A haɗe su su zama rasit ɗaya, a buɗe musu asusu daban da doka, a ce wannan na hanyoyin kasuwa ne kawai. Kuma Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna su zauna tebur guda, tunda buhun da aka lodo a Maigatari sai ya ratsa Kano da Kaduna kafin ya ga Kudu. In 'yan majalisar jiha sun kira jin ra'ayin jama'a kan bajet na gaba, a kira shugabannin Dawanau da Singa da 'Yan Kaba da ƙungiyar direbobin manyan motoci, a tambaye su nawa suke kashewa kan kowane buhu kuma a ina kuɗin ke zurarewa.