Suleja, Madalla da Zuba: abin da na gani a bayan birnin Faris

Shekara tara ke nan ina zaune a La Courneuve, ɗaya daga cikin garuruwan da ke arewa da Faris. Idan na fita da asuba, jirgin ƙasa maƙare yake da masu shara, masu gadi, masu girki da ma'aikatan asibiti, duk sun nufi cikin birni, sai magariba su dawo a gajiye. Ni haifaffen Suleja ne, don haka wannan ba baƙon abu ba ne a wurina. Haka motocin haya ke kwasar mutanenmu daga Suleja da Madalla zuwa Abuja tun gari bai waye ba. Birni ya ci ƙarfinka da rana, da dare ka koma inda kuɗin haya ya fi sauƙi.

Abin da ya bambanta mu shi ne, garuruwan nan sun daina jiran Faris ta tuna da su.

Filin da ke tsakanin Saint-Denis, Aubervilliers da Saint-Ouen a da cike yake da masana'antu. Da suka riƙa rufewa a shekarun 1970 da 1980, aka bar kangaye da dubban marasa aiki. A 1985 garuruwan uku suka kafa ƙungiya guda don farfaɗo da wurin, domin kowa ya gane cewa kango ɗaya ya fi ƙarfin magajin gari ɗaya. Bayan an gina filin wasa na Stade de France saboda gasar kofin duniya ta 1998, kamfanoni suka fara kawo ofisoshinsu. A 2000 garuruwa biyar suka haɗu a ƙarƙashin suna Plaine Commune, wasu suka biyo baya, har suka kai tara a 2013, da jama'a fiye da 400,000.

Inda abin ya fi burge ni shi ne maganar kuɗi, don a nan ake gane zumuncin gaskiya. Sun yarda harajin da kamfanoni ke biya ya shiga tukunya ɗaya. Ofishin da ke kusa da filin wasa ya biya, a gyara titi a Stains ko Villetaneuse, inda kamfanoni ba su da yawa. Saint-Denis ce mai kaso mafi tsoka, kuma ta amince. Kowane gari ya riƙe magajinsa da kansilolinsa da makarantun firamarensa, amma kwasar shara, gyaran tituna, magudanan ruwa da ɗakunan karatu sun zama na kowa. 'Yata tana da katin ɗakin karatu, kyauta aka ba ta. Da shi take aron littafi a garinmu, da shi take aro a Aubervilliers idan mun je wurin ƙanwar mahaifiyarta. Ƙaramin abu ne, amma duk ranar da na ga katin nan sai na tuna gida.

Ba zan ce nan aljanna ba ce. Lardin Seine-Saint-Denis, inda garuruwan nan suke, shi ne mafi talauci a babban yankin ƙasar Faransa. Yawancin ayyukan manyan ofisoshin nan ba 'ya'yan unguwa ke samu ba, wasu ne ke zuwa daga nesa su yi su koma, kuma wannan yana ci wa matasanmu tuwo a ƙwarya. An gina ƙauyen 'yan wasan Olamfik na 2024 a kan ƙasar garuruwa uku, ga shi talaka na fargabar haya za ta kore shi. Duk da haka, motar shara tana zuwa a ranarta, kuma ba ta tsayawa a bakin iyaka.

To, mu koma gida. Zuba tana ƙaramar hukumar Gwagwalada, cikin Babban Birnin Tarayya. Madalla da Suleja suna jihar Neja. Sabon Wuse tana ƙaramar hukumar Tafa, ita ma a jihar Neja. Wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja ya san gidaje sun riga sun haɗe, ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Minna, babban birnin jihar Neja, ta yi nisa, Abuja kuwa tana kusa amma ta ce ba hurumin ta ba ne. Bara da na je ganin gida, na tarar da bola ta toshe kwata a wani wuri kan iyaka, ruwa ya shiga shagunan mutane, kowane ɓangare na cewa na ɗayan ne. Amma masu yankan tikiti suna nan a ɓangarorin biyu, ba wanda ya yi fashin zuwa.

Yana yi mini ciwo, musamman idan na tuna cewa garinmu ne asalin mai sunan Abuja, ya bayar da shi ga sabon birni bayan dokar 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya, ya koma Suleja. Mun bayar da suna, muna bayar da ma'aikata kullum, amma mun kasa zama da maƙwabtanmu mu gyara kwata.

Na san za a ce gwamnoni sun riƙe kuɗin ƙananan hukumomi. Gaskiya ne, shi ya sa Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye. Amma kasuwa da tasha da kwasar shara, tsarin mulki tun tuni ya damƙa su ga ƙananan hukumomi, kuma kuɗin shigarsu a hannu ake karɓa. Me zai hana ciyamomin Suleja, Tafa da Gwagwalada su ware wani kaso daga ciki, su sayi motocin shara na haɗin gwiwa, su tsayar da juji ɗaya, su bar ɗan acaɓa ya yanki tikiti ɗaya a rana? A sa sarakuna da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi cikin masu sa ido, a kuma liƙa lissafin kowane wata a ƙofar kasuwar Madalla, inda mai sayar da tumatir zai tsaya ya karanta.