Attajirin Wuƙar da Ba Ta Yanka

(Mutum uku ne a zaune: Kawu, wanda ya tsufa a saye da sayarwa, Tsohon-Hannu, wanda wasan intanet ya riga ya gasa, da ƙanensa Sabon-Shiga, da ko wata biyu bai yi da buɗe asusu ba amma har tafiyarsa ta canza.)

SABON-SHIGA: Kawu, daga yau a riƙa ce mini attajiri. Na shiga kasuwanci.

KAWU: Ikon Allah. Ba jiya ka ari cajar wayata ba? Me kake sayarwa?

SABON-SHIGA: Bindigogi da wuƙaƙe.

KAWU: (ya zabura, ya turo ƙofa) Innalillahi! Rage murya, ɗan nan! So kake a kwashe mu gaba ɗaya?

TSOHON-HANNU: Kwantar da hankalinka, Kawu. Na cikin wasa ne, Counter-Strike 2. Kuma ba ma bindigar yake sayarwa ba, fentin jikinta ne. Tun 2013 kamfanin Valve ya shigo da wannan kwalliya, mutane suka mayar da ita haja.

KAWU: To mai fentin ta fi harbi ne?

TSOHON-HANNU: Ko kaɗan.

KAWU: Ta fi saurin kashe abokin gaba?

TSOHON-HANNU: A'a. Sai dai idan an kashe ka, ka mutu da kyakkyawar bindiga a hannu.

KAWU: Madalla. Kai attajiri, ɗauko mini guda in taɓa.

SABON-SHIGA: Ba a taɓawa, Kawu. Kallo ake yi. Ga ta nan. (ya miƙa waya)

KAWU: (ya kai wayar kusa da hanci) Wannan ai ta koɗe. Tsohuwa aka sayar maka.

SABON-SHIGA: Sabuwa ce fil! A haka ta fito.

TSOHON-HANNU: Gaskiyarsa. Kowane fenti yana da lambar koɗewa tsakanin 0 da 1, an kasa su mataki 5, daga wadda ta fito daga masana'anta zuwa wadda ta sha yaƙi. Lambar ba ta canzawa ko shekara goma ka yi kana harbi da ita. Shi ya sa iri ɗaya, suna ɗaya, amma farashi ya sha bamban. Shi kuma bai duba lambar ba ya saya.

SABON-SHIGA: Yaya, ba ka faɗa mini ba.

TSOHON-HANNU: Na fara faɗa, ka ce in bari, ka kalli bidiyo na minti takwas ka gane komai.

SABON-SHIGA: Duk da haka na ci riba. Na saro wata a kan dala 10, na jira ta motsa, na sayar dala 11. Dala guda cif, ina kwance!

KAWU: Yawwa, yanzu ka zo fagena. Dillali nawa ya cire?

SABON-SHIGA: Babu dillali, Kawu. Zamani ne. Kasuwar intanet ce mai suna Steam, daga ni sai mai saye.

KAWU: Yaro, tun da nake ban taɓa jin kasuwar da mai ita yake share ta don Allah ba. Duba da kyau.

TSOHON-HANNU: Buɗe tarihin cinikinka. Nawa ya shigo?

SABON-SHIGA: (ya daɗe yana kallo) An yi kuskure a nan. Sun rubuta dala 9 da ɗoriya.

TSOHON-HANNU: Babu kuskure. La'ada kashi 15 cikin 100 ce: kashi 5 na Steam, kashi 10 na wasan. Abin da ka saya dala 10, sai mai saye ya biya dala 11 da rabi kafin uwar kuɗinka kawai ta dawo. Daga nan ake fara maganar riba.

KAWU: Tsaya. Steam ɗin na waye?

TSOHON-HANNU: Na Valve.

KAWU: Wasan fa?

TSOHON-HANNU: Na Valve.

KAWU: Wato hannun dama ya karɓi 5, na hagu ya karɓi 10. Kayan kuma wa yake ƙera su?

TSOHON-HANNU: Su ne dai.

KAWU: (ya gyara zama, da girmamawa a muryarsa) Wannan shi ne ɗan kasuwa. Ku kuma ban san sunanku ba.

SABON-SHIGA: Ai asarar ba ta kai ko rabin dala ba. Kuma a asusuna yanzu akwai dala 30.

KAWU: To, an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Ciro su mu gani.

SABON-SHIGA: Yaya, ina ake danna cirewa? Tun safe nake nema.

TSOHON-HANNU: Ka daina nema. Kuɗin da ya shiga lalitar Steam ba ya fita zuwa banki. Ka sayi wasa da shi, ko ka sayi wani fentin.

SABON-SHIGA: Kuɗina ne fa!

TSOHON-HANNU: Naka ne mana. Shi ya sa aka rubuta sunanka a kai.

KAWU: To waɗanda ake cewa sun yi arziki da wannan harka, ta wace ƙofa suke fita?

TSOHON-HANNU: Ta wasu shafuka na waje da ba na kamfanin ba. Can ma akwai tasu la'adar, kuma in aka cinye ka babu wanda za ka kai wa ƙara. Waɗanda suka daɗe a ciki ba sa bin abin da ake yayi. Kaya masu saurin tafiya suke riƙewa, su ajiye tayi a ƙasa da farashi, su jira wanda ya matsu ya sallama musu. Wasu kuma su sayi abin da aka daina fitarwa su manta da shi shekara biyu. Aikin haƙuri ne da lissafi, ba...

SABON-SHIGA: (ya katse shi) Shekara biyu? Ni ina da gajeriyar hanya. Akwatuna!

TSOHON-HANNU: Na shiga uku.

SABON-SHIGA: Kawu, akwati ne a rufe, ka sayi makulli dala 2 da rabi, ka buɗe. In ka taki sa'a wuƙa ta fito, ta ɗaruruwan daloli, wata ma dubbai.

KAWU: In ba ka taka ba fa?

SABON-SHIGA: Sai a ba ka ɗan abin da bai kai kuɗin makullin ba.

KAWU: Mu a zamaninmu wannan yana da suna, kuma a ɓoye ake yin sa.

SABON-SHIGA: Ba caca ba ce, Kawu. Zuba jari ne.

KAWU: Ni na ce caca? Kai ka faɗa.

TSOHON-HANNU: A 2017 dokar ƙasar Sin ta sa aka bayyana lissafin. Kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ke fitowa mafi arha ne. Wuƙa kuwa kashi 0.26 ce, kamar ɗaya cikin 385. Lissafa kuɗin makulli 385, ka haura dala 900, ban da kuɗin akwatunan. Kuma akwatin bai san sau nawa ka buɗe ba, ba ya jin tausayi a na ƙarshe.

SABON-SHIGA: Ni jikina yana ba ni a na biyar za ta fito.

KAWU: Guda nawa ka buɗe zuwa yanzu?

SABON-SHIGA: Bakwai.

(Nan aka yi shiru, irin shirun da ya fi zagi ciwo.)

SABON-SHIGA: To shi kenan, zan tara in sayi wuƙar kai tsaye in ajiye. Wuƙa ba ta faɗuwa.

TSOHON-HANNU: (ya dafe ƙirji) Kar ka tayar mini da tsohon ciwo. A Oktoban 2025 aka wayi gari kamfanin ya canza doka: mai jajayen kaya guda 5, wato ajin fentin da ke biye da wuƙa a wuyar samu, zai iya haɗa su a ba shi wuƙa ko safar hannu. Kafin gari ya sake wayewa farashin wuƙaƙe ya rikito, masu bin diddigin farashi suka ƙiyasta darajar kasuwar ta zube da sama da dala biliyan 1. Jajayen da ake rainawa kuma suka yi tashin gwauron zabo.

KAWU: An yi shawara da 'yan kasuwar?

TSOHON-HANNU: Da wa? Ko a 2019 haka aka tashi aka ga an hana sake sayar da sabbin makullai, saboda 'yan damfara suna wanke kuɗin sata da su.

KAWU: Kai a wane ɓangare kake a wancan Oktoban?

TSOHON-HANNU: Kawu, mu bar maganar.

SABON-SHIGA: Ni dai Allah ya taimake ni, ina da mutum a ciki. Ɗazu wani bawan Allah ya turo mini saƙo, ya ce ya kai ƙarata bisa kuskure, za a rufe asusuna. Sai ya haɗa ni da wani ma'aikacin kamfanin, mutumin kirki, har tambari gare shi. Ya ce in tura masa kayana ya tantance, ya dawo da su da kyautar wuƙa a kai.

TSOHON-HANNU: (a hankali) Ka tura?

SABON-SHIGA: Ya ce minti goma kawai.

TSOHON-HANNU: Yaushe?

SABON-SHIGA: Awa huɗu ke nan. Ina jin aiki ne ya yi masa yawa.

KAWU: Banza ba ta kai zomo kasuwa, amma kai ta kai ka har da rakiya.

TSOHON-HANNU: Kawo wayar! Ma'aikacin kamfanin ba ya bin mutum da hira ya ce a turo masa kaya. Wannan damfarar ta girmi asusunka. (yana danne-danne) Ka gode wa Allah. Tun Yulin 2025 an sa kariya, musayar kayan wannan wasan ana iya warware ta cikin kwana 7. Ga su nan sun dawo. Yanzu canza kalmar sirri. Amma fa duk wanda ya warware, ana hana shi ciniki na kwana 30.

SABON-SHIGA: Kwana 30 babu ciniki? An kashe ni!

KAWU: Babu inda ake roƙo a ƙara masa zuwa 90?

SABON-SHIGA: Kawu, ka bar wasa. Matsalata ƙarancin jari ce. Ka ranta mini dala 50, ranar da aka buɗe ni ka ga aiki.

KAWU: (ba tare da gardama ba) Na ba ka.

SABON-SHIGA: Da gaske? Allah ya ƙara girma! Ina suke?

KAWU: Suna asusunka.

SABON-SHIGA: Wane asusun?

KAWU: (ya buga aljihun rigarsa) Wannan. Naka ne halak malak, har sunanka zan rubuta a kai. Fita ce dai ba sa yi.

SABON-SHIGA: Haba Kawu!

KAWU: Kuma dala 42 da rabi ne yanzu. Na cire la'ada.

TSOHON-HANNU: Kawu, ba haka ake lissafin ba, ka cire fiye da...

KAWU: Kai kuma wa ya yi shawara da kai?