Taku ashirin ne tsakaninka da mu, me ya hana ka zuwa ka tambaya?

Tun ranar Asabar nake danne zuciyata a kan bidiyon nan, na ce bari in yi shiru ya wuce, to jiya da daddare sai ga ƙanwar mahaifiyata ta turo min shi tun daga Funtuwa hankalinta a tashe, tana tambaya wai ba ni ba ne mai farar hula a gefen tebur. Nan na ce a'a, shirun ya isa haka. Duk kun gani ai, ba sai na sake bayani ba. Bawan Allahn nan da ya laɓe cikin masara ya ɗauke mu muna gwada rediyon sha'awa, irin wanda ake magana da mutanen nesa da shi, sannan ya ɗora murya a kai, wai ga infoma nan suna magana da ɓarayin daji a gindin dutsen Kufena a nan Zariya, wallahi ka zalunce mu, kuma duk wanda ya tura shi wani gurup bai bincika ba shi ma yana da nasa kason.

Taku ashirin fa. Na koma wurin ranar Lahadi na tsaya daidai inda ka tsaya, don ga kan masarar nan a bidiyon, na ƙirga zuwa inda muka shimfiɗa tabarma. Taku ashirin. Sallama ɗaya ta ishe ka. Da ka ce assalamu alaikum, bayin Allah me kuke yi a nan, da mun ba ka wuri ka zauna, mun zuba ma shayi, mun sa ma abin sauraro a kunne ka ji da kanka. Ba ka yi ba. Ka zaɓi ka laɓe.

Kuma don Allah jama'a ku duba abin da ke cikin bidiyon da idon basira. Rumfar tamfol shuɗiya wadda ana hango ta tun daga titi. Gora doguwa mun ɗaure ta da igiya uku ta miƙe sama. Waya mai tsawon kusan mita 10, mita 5 ta nan mita 5 ta can, mun ɗaure bakinta ɗaya a jikin ɗorawa ɗayan a turke. Batir mai bolt 12, faifan sola ɗaya jingine da dutse, tebur na roba, littafin da muke rubuta duk wanda muka yi magana da shi, da yaran unguwa sun fi goma sun kewaye mu suna cin gasasshiyar masara. Ƙarfe biyu na rana. Wane mai laifi ne yake kafa gora ya kafa rumfa ya tara yara da rana tsaka? Tun sati guda kafin ranar mun je mun gaida mai unguwa mun faɗa masa, mun kai takarda ofishin 'yan sanda, mai gonar da kansa ya nuna mana inda za mu zauna don kar mu taka masa gyaɗa. Komai a fili muka yi shi. Kai kaɗai ne a ɓoye ranar nan.

Wai abin da ya tayar ma da hankali shi ne ka ji ana kiran lambobi, biyar tara, sifili sifili bakwai, sai ka yanke hukunci cewa maganar sirri ce. Da ka tambaya da ka ji. Wannan ranar ba mu muka ƙirƙiro ta ba, duk shekara a ƙarshen makon farko na Satumba masu rediyon sha'awa na shiyyarmu, wato Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya, suna barin ɗakunansu su fita fili su kafa tasha ta wucin gadi ba tare da wutar gwamnati ba, awa 24 suna neman juna a iska, don kowa ya gwada ko zai iya aiki ranar da komai ya tsaya. Mu ma ba kwana muka yi niyya ba, mun san halin da ake ciki, kafin magariba muka shirya naɗe kayanmu. In ka samu wani ya amsa sai ka gaya masa yadda kake jin sa. Lamba ta farko daga 1 zuwa 5 ce, tana nuna ko maganarsa na fita tangaram, ta biyu daga 1 zuwa 9, ƙarfin siginar kenan. Biyar tara na nufin ina jin ka kamar kana gabana. Sifili sifili bakwai kuwa, shi ne mutum na bakwai da muka samu ranar. Iyakar sirrin kenan, kuma wanda ake gaya wa wani dattijo ne a Italiya shi ma yana zaune a fili da nasa batirin.

Abin da ya fi ba ni haushi, a duk hanyoyin sadarwar da ke duniya babu wadda ta kai wannan zama a buɗe. Dokar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta hana mai rediyon sha'awa ya lulluɓe maganarsa don kar a gane, ta hana shi neman kuɗi da ita, kuma dole ya riƙa faɗin lambar kiransa akai-akai yana cikin magana. Lambar nan kamar lambar mota ce, da ka ji farkonta ka san ƙasar. Najeriya 5N, Nijar 5U, Kamaru TJ, Gana 9G, Cadi TT. Ba a tsintar ta a hanya, sai da lasisin gwamnati, shi ya sa a cikinmu ma masu lasisi ne kawai ke riƙe makirfo, sauran mu saurare da rubutu da ɗaurin igiya. Duk mai rediyon da ke kama zangon mita 20, daga megahaz 14.000 zuwa 14.350, ko a ina yake a duniya, in dai siginarmu ta kai wurinsa, zai iya jin duk abin da muka faɗa. Wayar da ka ɗauke mu da ita, wadda ka tura bidiyon ta WhatsApp, ita ce saƙonta ke tafiya a kulle ba mai gani. Tamu a buɗe take. Amma mu ne masu sirri?

Na ga masu cewa a yi masa uzuri, zamani ne na rashin tsaro. Ni ma ɗan garin nan ne, ba wanda zai ba ni labarin abin da mutanen Giwa da Birnin Gwari suka gani, akwai danginmu da suka baro gonakinsu har yau ba su koma ba. In ka ga abin da ba ka gane ba ka je wurin mai unguwa, ka kira hukuma, wannan daidai ne, ba mai ganin laifinka. Amma tsoro bai ba ka izinin laƙaba wa mutane sunan da zai iya sa a kashe su ba. Mu ne fa muka yi ta kuka a watan Maris na 2025 da aka kashe mafarauta 16 a Uromi, suna hanyarsu ta zuwa Kano yin Sallah, don kawai an ce masu garkuwa ne ba wanda ya tsaya sauraron su. Mun yi rubuce-rubuce, mun yi Allah wadai. Sai ga shi a garinmu, da bakinmu, da yarenmu, wani ya furta kalmar infoma a kan mutum tara ya saki. Ka san abin da kalmar nan ke haifarwa a yau. Ka sani sarai. Kuma taku ashirin ne.

Sai masu cewa wai zamanin waya da intanet me za a yi da rediyo, ɓata lokaci ne. Wannan ko amsa ba na son tsayawa yi. Kun manta Oktoban 2024 da Arewa ta kwashe kwanaki a duhu, ana layi wurin masu caji kamar layin mai? Kun manta ranar 14 ga Maris na shekarar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, mutane suka tsaya cirko-cirko gaban mai POS? Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumba ruwa ya shanye Maiduguri, mutum nawa ne suka kwana suna kiran 'yan uwansu wayar ba ta shiga? Wayarka sai da turken sabis, turken sai da dizal, dizal sai da hanya. Abin da muka kafa a ƙarƙashin tamfol ɗin nan batir ɗaya ne da waya da gora, wat 100, ƙarfin tsohon ƙwan lantarkin nan mai zafi, ya tashi ya bugi wani sashe na sararin sama can kilomita ɗaruruwa wanda rana ke cajawa, ya lanƙwaso ya sauka a Turai, babu kamfani a tsakani babu kati babu data. Da girgizar ƙasa ta afka wa Turkiyya a Fabrairun 2023 masu irin wannan rediyon suna cikin waɗanda suka riƙe sadarwa a wuraren da layuka suka mutu. Ba a koyon wannan ranar da masifa ta zo, shi ya sa ake fita fili a gwada tun ana lafiya.

Wani kuma ya rubuto min wai aikin Turawa ne, mu kwaikwayo muke. Marigayi Sarki Husaini na Jodan da kansa yana yi, lambarsa JY1, talaka a wata ƙasa zai kira sarki ya amsa masa. Marigayi Rajiv Gandhi, tsohon firaministan Indiya, shi ma yana da tasa lambar. Katar ta harba tauraron ɗan adam a 2018 ta ware wa masu rediyon sha'awa wuri a cikinsa, kuma duk Afirka na ƙarƙashinsa har da Zariyar nan. Mu bar su ma. Wace al'umma ce ta kai Bahaushe son rediyo? Iyayenmu da ba su shiga aji ba sun san mita 49 sun san mita 25, sun san da safe tashar kaza ta fi fita da yamma sai an ɗan juya eriya, mahaifina har waya yake ɗaurawa a jikin eriyar ya maƙala ta a ƙusar taga. Mu kawai mun ƙara taku ɗaya ne, daga saurare zuwa amsawa. Kuma a Zariya fa, garin da ke da ABU tun 1962, garin da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take tun 1964, kullum ƙananan jirage na shawagi a kanmu ɗalibai na magana da hasumiya ta rediyo. A garin nan ne za a ga eriya a ce tsafi ko ta'addanci? Abin da ciwo wallahi.

'Yan sintirin da suka zo ba ni da ƙorafi a kansu, gaskiya ɗaya ce. Shugabansu ya yi sallama, ya ce Baba a yi haƙuri kira muka samu. Baba, dattijon da ya koya mana duk abin nan, mutumin da ya haura saba'in, ya miƙe da sandarsa ya ciro lasisinsa daga cikin leda ya miƙa masa da kwafin takardar da muka kai ofis, ya ce ɗana zauna ka ji. Ya zauna ya saurara, da ya ji wani daga Jamus ya maimaita lambar Baba sai da ya cire hula ya riƙe baki, ya ba mu haƙuri ya fi sau uku. Kun ga wanda ya tambaya kenan, minti goma ba a yi ba ya gane. Amma kafin nan taron da bidiyonka ya jawo ya riga ya iso, wani matashi ya sa wuƙa ya yanke igiya ɗaya, gorar ta faɗo ta tsinke wayar a tsakiya, saura kaɗan ta sami wata yarinya a ka.

Waya dai an haɗa ta, ba komai ba ce. Abin da ya tsaya min a rai wani yaro ne, ba zai wuce shekara 12 ba, tun muna sauke kaya daga Keke Napep yake tare da mu, shi ya riƙe min bakin igiya, shi ya tambayi Baba me ya sa wayar sai ta zama mita 10 ba 8 ba, Baba ya ɗau tsinke ya zana masa a ƙasa yadda tsawon eriya ke bin tsawon zangon, rabin mita 20 kenan, yaron nan ya gane nan take har ya ce to in mita 40 ne sai an ninka. Baba ya dube ni na dube shi. Da hayaniya ta tashi mahaifinsa ya zo ya ja shi da kunne yana cewa ba na hana ka bin mutanen da ba ka sani ba, yaron na waiwaye yana kuka. Ban ga laifin uban ba, abin da ya gani a waya shi ya gani. Kai na gani. Yaron nan ka raba shi da wani abu ranar nan, kuma Baba tun ranar bai ƙara maganar fita ba, da na je gaishe shi shekaranjiya kayan na nan a ƙunshe cikin buhu ko kwancewa bai yi ba.

Ba na neman a kama ka, ban kuma yarda wani ya saka hotonka ko sunanka a ƙarƙashin rubutun nan ba, duk wanda ya saka zan goge. Abin da nake so ka koma duk gurup ɗin da ka tura ka faɗa da muryarka, irin yadda ka yi na farko, cewa ba ka tambaya ba. Za mu sake fita bayan an cire amfanin gona in Allah ya kai mu, ko da sai mun lallashi Baba, kuma a wurin nan dai za mu kafa.

Af, tunda maganar gyaran eriyar ta zo, don Allah masu sayar da wayar eriya ku ji tsoron Allah. Na sayi mita 15 ranar Litinin aka rantse min jan ƙarfe ce zalla, na zo gida na kankare bakinta da reza sai ga fari fat a ciki, alminiyon ne aka shafa masa ja, dalma ko kama shi ba ta yi. Da can akwai tsofaffin masu gyaran rediyo da za ka je su zaro ma ta gaske daga ƙarƙashin benci, yanzu duk shagunan sun koma gyaran waya da sayar da caja. Duk wanda ya san inda ake samun mai kyau a Sabon Gari ko Tudun Wada, ko da ta hannu ce, ya yi min magana ta inbos, ko Kaduna ce zan shiga mota.