Tsofaffin malaman Texas da roƙon da ba ya ƙarewa

Maƙwabciyata ta shekara talatin tana koyar da lissafi a makarantar gwamnati a nan jihar Texas kafin ta yi ritaya. Duk shekarar da majalisar dokokin jiha za ta zauna, sai ka ga ta fito da jar rigarta ta goge, ta bi ayarin ƙungiyarsu ta tsofaffin malamai zuwa Austin, babban birnin jihar. A jakarta akwai wata tsohuwar ambulan cike da rasit na magani. Shi take zazzagewa a teburin duk ɗan majalisar da ya yarda ya ba ta minti biyar, ko kuma yaron ofishinsa, wanda sau da yawa sa'an jikanta ne.

Da farko abin ya ba ni haushi. Mutumin da ya koya wa ɗan majalisa karatu, shi ne yau yake layi a ƙofarsa? Amma da na zauna ta warware min yadda ake tara kuɗin inshorar lafiyar malaman da suka yi ritaya, sai haushin nawa ya koma wani wajen.

Shirin lafiyarsu, TRS-Care, majalisa ta kafa shi a 1985, kuma da albashin malaman da ke bakin aiki aka ɗaure shi. Jiha tana zuba kashi 1.25 cikin ɗari na albashin, hukumar makarantu kashi 0.75, malami mai aiki a cire masa kashi 0.65, sannan mai ritaya ya biya nasa duk wata. To ga inda gizo ke saƙa: albashin malami tafiyar hawainiya yake yi, kuɗin asibiti da magani kuwa gudu suke. Ko wane ne ke mulki, dole rami ya buɗe.

Ya kuwa buɗe a 2017, giɓin ya kai wajen dala biliyan ɗaya. Majalisa ta ɗan ƙara nata kason, ta jibga sauran a kan tsofaffin. A 2018, wanda bai kai shekara 65 ba, wato bai isa shiga Medicare ba, inshorar lafiyar da gwamnatin tarayya ke ba tsofaffi, sai ya biya dala 200 a wata, kuma sai ya kashe dala 1,500 daga aljihunsa kafin inshorar ta fara ɗaukar yawancin ɗawainiya. Dubbai suka fice daga shirin. A lokacin ne maƙwabciyar tawa ta fara ɗage ganin likita, ciwon gwiwa ya taso ta ce a bari sai wata mai zuwa. Ga shi yawancin malaman Texas ba sa cikin Social Security, tsarin fanshon gwamnatin tarayya, fanshonsu na malanta shi ne tukunya ɗaya a kan wuta.

Kamun ƙafar yana aiki, wannan ban musa ba. Da ihu ya yi yawa a 2017, an dawo zama na musamman aka ƙara dala miliyan 212. Ɗan majalisa ya san tsofaffi ba sa fashin zaɓe, ya kuma san malamar da ta koyar da rabin gari tana da bakin da ake ji.

Inda nake saɓa wa ƙungiyar shi ne abin da suke nema. Majalisar Texas sau ɗaya take zaman yau da kullum a shekara biyu, kwana 140 kacal. Idan aka ƙarar da wannan ɗan lokaci wajen roƙon tallafin cike giɓi, an samu faci, kuma bayan shekara biyu a sake goge jar riga. Ni a ganina, duk wanda ya shiga ofis ya tafi da buƙata ɗaya: a sauya dokar yadda kason jiha zai riƙa bin tsadar magani. Ɗan majalisa ya fi son tallafin lokaci ɗaya, domin yana ɗaukar hoto da shi, sauya doka kuwa ɗaure kasafin gaba ne.

Na faɗa mata haka a bakin ƙofarta. Ta yi dariya, ta ce in na matsu in nemi jar riga, akwai kujera a motarsu.