Fijon Alhaji Ta Yi Yaji

(Garejin Oga Tanko, a gindin wata darbejiya a Kano. Peugeot 504 fara, an ɗaga bonet. Alhaji ya zo daga Zariya tun hantsi. Ɗanliti, yaron Oga, yana riƙe da sifana. Mai shayi na gefe yana fifita wuta.)

ALHAJI: Malam Tanko, da ƙafarta motar nan ta shigo garejinka. Tana ƙara, tana tari, amma tana tafiya. Ka ce kamshaf ya cinye, na ba ka kuɗi ka je Ƙofar Ruwa ka sayo wani. Yau kwana uku ko atishawa ba ta yi ba.

OGA: Alhaji, wanda aka yi wa aiki a asibiti ai ba ya tashi da gudu. Sai ta saba da sabon ƙarfen.

ƊANLITI: Oga, ina ganin wayoyin fulogin nan...

OGA: Wa ya sa bakinka? Shiga ka yi kik.

(Gur-gur-gur-gur. Shiru.)

MAI SHAYI: Ni dai na faɗa tun jiya. Motar da ta girmi mai gyaranta ba a buɗe mata ciki ranar Laraba.

ALHAJI: Ka ji dattijo. Haɗin Kaduna ce fa, daga kamfanin da ya fara aiki a 1975. Mahaifina ne ya saye ta a leda.

OGA: Zagezagi ke nan, ko akuya ce sai an kawo tarihinta. Inji abu uku yake ci: wuta, mai, da matsi. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Ɗanliti, fito. Zare wayar koyil ka riƙe ta kusa da jikin inji. Alhaji, murɗa makulli.

ƊANLITI: Wayyo Allah hannuna!

OGA: Alhamdulillahi, akwai wuta.

ƊANLITI: Har cikin haƙorina na ji ta, Oga.

OGA: To wuta ce mai kyau. Saura mai. Kwance fulogi ɗaya. Ka gani? Jiƙe sharkaf da fetur. Mai yana zuwa har ya yi yawa.

ALHAJI: Man da na saya da tsada ne kake wanke fulogi da shi?

OGA: Matsi kuma kunne ke faɗa. Da sarƙar taimin ta tsallake da yawa, ko bawul ya lanƙwashe, da ka ji injin yana juyawa sakayau kamar keken ɗinki. Wannan kuwa yana nishi, kowane fistin yana ture iska. Lafiyarta ƙalau.

ALHAJI: Lafiyarta ƙalau, tashi ne kawai ba ta yi.

OGA: Shi kaɗai ya rage.

MAI SHAYI: Haka aka ce da kakana, washegari aka yi sadakar uku... a'a, bayan kwana uku.

OGA: Ɗanliti, cire murfin kafireto, ɗiga mata fetur kaɗan a maƙogwaro. Alhaji, matso ka ga aiki da idonka.

ƊANLITI: Oga, kada ya leƙa...

(Ɗanliti ya yi kik. FAU! Harshen wuta ya fito ta kafireto. Hular Alhaji ta faɗa cikin tiren baƙin mai.)

ALHAJI: Innalillahi! Gemuna! Tanko, gemun da na yi shekara ashirin ina kiwo!

OGA: Gefe ɗaya ne kawai, Alhaji. Kuma albishir ne, ta fara magana.

MAI SHAYI: Wannan ba magana ba ce, zagi ne. A nemo tazargade a yi mata hayaƙi.

ƊANLITI: Oga, don Allah a bar ni in faɗi abu ɗaya, in ya so a mare ni daga baya.

ALHAJI: Bar shi ya faɗa. Marin ni zan biya.

ƊANLITI: Lokacin da za ka mayar da distiribita, ka juya inji har alamar fuli ta zo daidai, ko?

OGA: Daidai cif. Da idona na gani.

ƊANLITI: To ai alamar nan sau biyu take zuwa. Karanshaf yana zagayawa sau biyu kafin kamshaf ya zagaya sau ɗaya. Zuwan farko fistin ya matse mai yana jiran wuta. Zuwa na biyu ya gama korar hayaƙi ne, bawul na hayaƙi bai gama rufewa ba, na shan mai ya fara buɗewa. In wuta ta zo a lokacin, ƙofa a buɗe take, sai ta fito ta kafireto ta gaishe da Alhaji.

ALHAJI: Ta gaishe ni kuwa, har da shafa fuska.

OGA: Yaro man kaza. Ai na toshe ramin fulogi da babban yatsa, na ji iska ta turo, sannan na saita rota a kan waya ta ɗaya.

ƊANLITI: Wane rami ka toshe?

OGA: Na ɗaya mana, na gaba, wajen lagireto.

ƊANLITI: A Toyota ke nan. Mutanen Faransa daga baya suke ƙirga Fijo, ta wajen giya. Wanda ka toshe na huɗu ne. Ni kuma na jera wayoyin yadda muka same su, ɗaya, uku, huɗu, biyu, daga baya. Na ɗaya da na huɗu tare suke hawa, shi ya sa alamar ba ta tona asiri ba.

(Shiru. Mai shayi ya daina fifita.)

ALHAJI: Wato kwana uku ana kai wa na ɗaya abincin na huɗu.

OGA: Dama gwada shi nake yi, in ga ko yana koyon aikin. Kai kuma da ka sani, me ya hana ka faɗa tun shekaranjiya?

ƊANLITI: Na fara faɗa ka aike ni sayen ƙosai.

OGA: To tsaya nan kana surutu. Musanya su a kan murfin distiribita, ta ɗaya da ta huɗu, ta biyu da ta uku. Goge fulogan nan su bushe.

(An gama. An murɗa makulli. Ƙyas-ƙyas. Ko gur ɗin babu.)

ALHAJI: Yanzu kuma me ya faru?

OGA: Batir ya sauka. Kwana uku ana kik, ko jaki ne ya kwanta. Ɗanliti, ciro na motar can, mai ita sai Magariba zai zo.

(An ɗaura batirin aro. Kik ɗaya, Fijo ta ɗauka, salansa na zubar da baƙin hayaƙi.)

MAI SHAYI: Ka ga amfanin addu'ar da na yi a zuci.

OGA: Shekara talatin ina wannan aiki, Alhaji. Sai ka ƙaro kuɗin gano matsala.

ALHAJI: Zan ƙara. Ɗanliti, zo ka karɓa. Kai kuma Tanko, ka kawo kuɗin hula da na wanzami, tunda dole a daidaita ɗaya gefen.

OGA: Za mu yi lissafi. Ɗanliti, riƙe totur, a mayar masa da batirinsa tana kunne. Alhaji, abu ɗaya: kada ka kashe ta sai ka ga ganuwar Zariya.

ALHAJI: La'asar fa? A hanya za ta same ni.

OGA: In ka kai Kwanar Ɗangora, ka nemi masallacin da ke kan gangare.